Ɓargon Tala

Litinin, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Mun dawo daga Maraɗi. Ɗanmu Hafizu ne ya tuƙo mu, kowane rami mota ta faɗa sai ya ce "sannu Iya", har ta ce ya bar gaishe ta ya dubi hanya.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin ga hasken taga ya nuna mana. Ƙwaurin Tala, matata, wanda ya karye tun kafin azumi, bai haɗu ba. Tsakanin baki da baki akwai fili, ɗan yatsa zai shiga. Ya ce sai an yi aiki: a sa ƙarfe, a ɗebo ɗan ƙashi da ɓargo daga ƙugunta a cike gurbin. In kuwa aka bari mikin da ke sama ya ci ya kai ga ƙashi, to akwai wata magana. Ya faɗi maganar, ya ma nuna wurin da gefen hannunsa, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ba zan rubuta ta ba.

Tala ta gyara mayafi ta ce, "A kai ni gida."

Shekara da shekaru ina sa 'ya'yan garinmu Cadakori shiru da kallo ɗaya a lakol, makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Yau na yi wa Tala wannan kallon har idona ya gaji.

Laraba, 10 ga Yuli, hantsi

Ta ce a'a. An yi ruwa da asuba, gero ya yi kyau.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan saukowa masallaci

Mai ɗorin da ya fara ɗaure ƙafar ya zo dubiya. Ya taɓa, sannan ya juyo gare ni.

"Mushe, ni kara gare ni da tsumma da addu'a. Ƙashi in yana son ɗan uwansa ina haɗa su. Wanga ba ya so. Ku koma Maraɗi."

Tala ta ce, "Allah ya saka da alheri." Shi ke nan jawabinta.

Mata kuwa sai shigowa suke, kowacce ta gama "ya jiki" sai ta rage murya ta ce, "Ina labarin garin? Ya taso?" Tala ta juya fuska bango. Ni na ɗauka gajiya ce.

Tunda takarda ba ta da baki, bari in gaya mata wane gari ne.

Muna da ɗiyar fari. Ba zan rubuta sunanta ba, ban taɓa ba. A nan sai in ce Waccan. Ƙanwata Rakiya ce ta ɗauke ta ranar yaye ta raine ta, ita take kira Inna. Uwar da ta haife ta kuwa Yaya Tala take ce mata, kamar wata babbar 'yar uwa. Tala ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa duban tsakar idonta ba. In Waccan ta shigo ɗaki, Tala ta fita duba tukunyar da ba a ɗora ba. Duk gari Uwar Hafizu ake ce mata, alhali Hafizu na biyu ne. Haka muka tarar, haka muke. Ni da na yi boko ma ban tsira ba. Shekarar da ta zauna a ajina, in na zo kan sunanta wajen kiran suna sai in yi tari, ita kuma ta amsa.

To bayan Sallar Layya wani bidiyo ya shigo talhon Rakiya, wayarta ta hannu. Ga Waccan can ƙasar Turai, tsaye gaban wasu manyan malamai masu furfura, tana magana su kuwa suna gyaɗa kai. Bayanta hoto biyu: ƙashin ɓera da gurbi a tsakiya, da ƙashin ɓera gurbin ya cike. Ba wanda ya ji harshen, Rakiya ma ba ta ji ba, amma hakan bai hana ta fassara ba. Gida gida ta bi tana cewa, "Gari ne ta haɗa. A barbaɗa, ƙashi ya tsiro."

A ɗakin Tala ma ta kunna shi, don matan da suka zo dubiya. Tala na kwance, fuska a bango. Barci take, in ji ta.

Ni dai in an ce mini uban dokta a majalisa sai in dubi takalmina in ce yara ne da wasanninsu. Sabuwar hular da na saya makon nan ba ta da alaƙa da wannan.

Lahadi, 14 ga Yuli, azahar

Waccan ta kira. Na fita bayan gida wajen turken awaki, inda hidimar waya ta fi kamawa kuma ba mai ganin fuskata.

Ta ga hoton, Hafizu ya tura mata. Ta ce likitan ya faɗi daidai, a yi aikin kada a jinkirta. Na yi gyaran murya na ce mutane na tambaya, wai wannan abin da ake yi can, mene ne ainihinsa. Mutane, na ce.

Ta yi dariya. "To Baba, ka gaya wa mutane."

Ga yadda na fahimta. Cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Kamar yaro ne da bai san ko maƙeri zai zama ko magini ba. In ƙashi ya karye, su ake kira su zo su zama magina. Amma wurin ciwo akwai wata irin tsatsa da jiki ke yi, irin wadda ke cin ƙarfe ko ta sa man gyaɗa ya yi ɗaci. Ita ke kashe maginan tun ba su ɗora tubali ba, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga. Abin da Waccan da abokan aikinta ke haɗawa ƙura ce, ƙanƙantarta ta wuce a ce ƙanƙanta, ko madubin likita na yau da kullum ba ya ganin ta. Ƙurar nan ta shiga tsakanin magina tana share tsatsa, ta share ta sake sharewa ba ta ƙarewa da wuri. Su kuwa su samu sarari su yi gini.

Na ce, "Wato shara kuke yi."

Ta ce, "Shara muke yi, Baba. Shekara shida ina shara."

Sannan ta ce, "Amma cikin faranti ne da jikin ɓera. Ba a taɓa sa wa mutum ba. Da saura, da saura ƙwarai. Ba mu ma gama sanin inda ƙurar ke tafiya ba bayan ta gama aiki."

Na dawo ina maimaita bayanin don kada ya zube. Na yi wa akuya shi sau ɗaya, ta saurara fiye da wasu ɗaliban da na sani.

Talata, 16 ga Yuli, la'asar

Ina zaune bakin ƙofarta ina gyaran ƙotar hauya, sai Tala ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Malam, jirgi yana daɗewa daga can?"

"Daga ina?"

"Daga inda jirage ke tasowa."

Na ce yini guda ne, sai kuma mota daga Yamai.

"Ƙaramin kaya, kamar ƙullin magani haka, ana ba matafiyi ya riƙo?"

Sai idona ya kai gefen gado. Akwai wata 'yar tasa mai murfi, mai zanen furanni, daga cikin jerenta na aure. Ko ranar sunan Hafizu ba a sauke ta ba. Yanzu an sauke ta, an wanke, an ajiye inda hannu zai kai. Da ta shiga gyangyaɗi na ɗaga murfin. Ba komai ciki.

Ashe ba tsoron wuƙar likita ba ne. Jira take.

Kakata in tana ba mu tatsuniya ba ta taɓa gaya mana abin da ke cikin ƙwarya sai mun gaji da tambaya. Na auri mace irinta ban lura ba.

Laraba, 17 ga Yuli, da safe

Na gwada. Na ce, "Abin nan da mata ke faɗi, na ɓeraye ne tukuna. Ba ya zuwa."

Ta ce, "Wane abu?"

"Garin."

"Ni na tambaye ka wani gari? Garin masara ko na rogo?"

Ka ga inda muka tsaya. In ta yarda ta ji bayanina, ta yarda tana jiran abin hannun ɗiyar fari, ta yarda ta ji bidiyon nan kaf tana barci. Gara mata ta rasa ƙafar. Ni kuma ba ni iya cewa wance ta ce, don wance ba ta da suna a bakina. Mutum biyu masu furfura, muna zagaya magana kamar masu zagaya rijiya.

Duk da haka, Allah ya gafarta mini, na fita tsakar gida ina murmushi. Duk likitocin Maraɗi da ƙarafansu, ita ba ta yarda da hannun kowa ba sai ɗaya.

Juma'a, 19 ga Yuli, hantsi

Na sa an ƙona turare a ɗakin. Ba baƙi za a yi ba.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan azahar

Hafizu ya zo daga Maraɗi ya ga tsumman da aka cire. Ya ja ni zaure.

"Baba, ni zan ɗauke ta in sa a mota. Ta tsine mini daga baya, ina da kunnen ji."

Na ce uwarka ba buhun gero ba ce.

"To mu zauna muna kunya har a..." Ya yi da hannunsa yadda likita ya yi. Na ce ya sauke hannunsa a gidana.

Ya sauke. Ya ce, "Yaya ta ce za ta taho, amma takardunta na fita da komawa sai bayan wata biyu." Na ce ko ta zo, uwarka za ta juya bango ne.

Ya tafi bai ci tuwo ba.

Litinin, 22 ga Yuli, la'asar

Zazzaɓi jiya, yau ya sauka. Tasar na nan. Ta sa an sake goge ta.

Talata, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Rakiya ta zo ta same ni ina nome bayan gida. Na gaya mata zancen tasa. Ta riƙe haɓa.

"Yaya, wato bakina ne."

Na ce bakinki ne da hulata.

Ta yi tunani ta ce, "Shekara talatin da wani abu, in yarinyar nan ta buɗe baki Tala ta tashi ta fita. To yanzu da wace ƙafa za ta fita?"

Na ce wannan rashin ta-ido ne. Ta ce e, shi ne, kuma ita ce gwaggo, ita aka yarje wa.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan magariba

Bari in rubuta shi daki-daki tun yana da zafi.

Da hantsi Rakiya ta shiga ɗakin Tala, ta zauna bakin gado, ta kira Waccan, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ajiye talhon kan murfin tasar. Ni ina bakin ƙofa da ƙotar hauyar nan da na gama gyarawa tun makon jiya.

Da Tala ta ji sallamar sai ta yunƙura. Ƙafa ta ce ina. Ta ja mayafi ta rufe har kai.

Waccan ta san gidansu. Ba ta ce Yaya Tala ina kwana ba. Ta gaida Rakiya, ta tambayi damina, ta tambayi awaki, sannan ta ce:

"Inna, ki gaya wa mutanen gidan, garin nan ko mutum ɗaya ba a taɓa sa wa ba. Ɓeraye kawai. Ba ya cikin jirgi, ba ya zuwa bana, ba ya zuwa baɗi. Ko yana hannuna yau ba zan sa wa wadda nake..." Ta tsaya. "Ba zan sa wa kowa ba."

Mayafi bai motsa ba. Na ga yatsun hannunta kawai sun damƙe bakin tabarma.

Rakiya ta dube ni. Na dubi ƙota.

Sai muryar ta sake. Na san wannan muryar. Da ita take sa Hafizu ya hau bishiyar da ya rantse ba zai hau ba, tana cewa ai ƙanana ba su iyawa.

"Kuma ma, Inna, ba don kowa muke yin sa ba. Don waɗanda ɓargonsu ya gaji ne. Shi likitan Maraɗi so yake ya ɗebi na Yaya Tala ya yi gini da shi, ba tare da garin kowa ba. To ni ban sani ba ko nata zai iya. Shekaru sun ja. Mai yiwuwa ya gaji."

Mayafi ya sauka a hankali har haɓa.

"Rakiya."

"Na'am."

"Tambayi talhon nan, ɓargon wa ya gaji?"

Rakiya ta buɗe baki, Tala ba ta jira ta ba.

"Ɓargon da ya ja guga tun rijiyar gari na guda ɗaya? Wanda ya yi daka ya yi surfe ya ɗauko itace daga daji da ciki wata tara?" Ta numfasa. Idonta na kan rufin ɗaki. "Ɓargon da aka ƙera wasu da shi, har suka yi ƙarfin zuwa Turai suna wasa da ɓeraye?"

Tun ranar da aka yanke cibiya, yau ne ta fara faɗi da bakinta, gaban mutane, cewa daga jikinta aka fito. Rakiya ta toshe baki da gefen zane. Cikin talho na ji kamar ana fyace hanci, ko hidima ce ke yankewa, ban bincika ba.

Tala ta mayar da mayafi ta rufe fuska. Daga ciki ta ce, "A kira Hafizu. A ce ya wanke motar, ranar nan wari take."

Ni kuwa wani abu ya faɗa mini a ido, na fita duba awaki.

Juma'a, 26 ga Yuli, da safe, kafin mu tashi

Na kira Waccan daga bayan gida. Na ce jiya dabara ce ko gaskiya?

Ta ce, "Rabi da rabi, Baba. Da gaske ban sani ba ko zai iya. Na ga na masu shekarunta da yawa cikin faranti, wasu su yi gini, wasu su kwanta. Don masu kwanciyar nake sharar."

Da ban tambaya ba.

Litinin, 29 ga Yuli, Maraɗi, azahar

Allurai tukuna, sai miki ya lafa. Likita ya ce mun zo a bakin ƙofa. Bai ce ƙofar me ba, ban ce ya ƙarasa ba.

Alhamis, 1 ga Agusta, hantsi

An shiga da ita.

Alhamis ɗin dai, la'asar

An fito da ita. Na ɗaga bargon asibiti ta wajen ƙafafu kafin in dubi fuskarta. Biyu.

Alhamdu lillahi.

Laraba, 14 ga Agusta, Cadakori, bayan la'asar

Muna gida. Ƙafa na miƙe cikin ƙarafa, ƙugu na ciwo fiye da ƙwauri, ba a taka ƙasa sai an sake hoto. Likita ya ce yanzu aikin ba nasa ba ne, na ɓargon ne. Ko ya kama ko kada ya kama.

Na koma majalisa. Bappa, abokina makiyayi da ke kawo mana nono tun muna da baƙin gashi, ya tare ni gaban jama'a.

"Mushe, an sa garin?"

Na ce ba a sa ba. Bai nuna ba tukuna, kuma mai shi ba ta ba da ɗanye, ko ga na gida.

"Af. To ɗiyar taka ɓeraye take ɗorawa ke nan?"

Na ce e, kuma ɓeran da ta ɗora ya fi ka gudu.

Aka yi dariya. Daga nan na yi musu bayanin magina da tsatsa da shara, tun daga farko, yadda nake yi a aji. Bappa ya ce in an gama da ɓeraye a tuna da shanu. Sai da na iso gida na tuna ban dubi takalmina ba, ban kuma ce yara ne da wasanninsu ba.

Lahadi, 1 ga Satumba, hantsi

Ba labari. Gero ya fitar da kai. Tana cin abinci kamar mai gasa da wani.

Asabar, 14 ga Satumba, la'asar

Na same ta ta ɗora tafin hannu kan ƙwaurin tana magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka addu'a ce. Da na matso sai na ji tana cewa, "Kada ku ba ni kunya."

Na koma da baya.

Talata, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Mun dawo daga Maraɗi.

Likita ya ɗaga sabon hoton ga tagar nan. Inda da yatsa zai shiga, yanzu akwai wani fari-fari kamar hadari na haɗuwa, ya taso daga wannan baki ya kama wancan. Ya ce sabon ƙashi ne. Bai yi ƙwari ba, da sauran watanni da sanda, amma ya kama. Ya ce, "Hajiya, ɓargonki na da kyau." Tala ta ce ita ba ta je Makka ba tukuna, amma sauran maganar ta ji.

A mota ta ce wa Hafizu, "Ɗauki hoton hoton nan da talhonka."

"A tura wa wa, Iya?"

"Masu ɓeraye. Su gani."

Da muka iso Rakiya ta riga ta share ɗaki. Amsa ta zo a talhonta, ba magana ciki, guɗa ce kawai, doguwa, daga can ƙasar Turai. Ban san a wane ɗaki Waccan ta yi ta ba, ko me masu furfurar nan suka ɗauka. Tala ta dubi bango har aka gama. Sannan ta ce wa bangon, "A ci gaba da sharar. Ba kowa ke da irin nawa ba."

Rakiya ta ɗauki 'yar tasar za ta mayar cikin jere.

"Bar ta nan," in ji Tala.

"Ke da kin warke? Ai an ce ba ya zuwa."

"An ce ba bana ba, ba baɗi ba. Ba a ce ba ya zuwa ba."

"To don wa?"

Tala ta juyo ta dube ni, daga hula har gwiwoyin nan da ke ƙara in na tashi daga tabarma.

"Akwai masu gajiyayyen ɓargo a gidan nan."

Tasar na gefen gado, da murfinta. Ni aka ba aikin goge ta ran Juma'a.